Miyaun da Kawu Ya Bari a Sakkwato

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, ko akuya ɗaya ba a yanka a kwatar Gummi ba. Labarin ya iske mahauta suna wasa wuƙaƙe da safe, suka mayar da su kube, suka taho jana'iza da rigunan aiki a jikinsu. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma, wannan babu mai musu. Amma ni da Inna, mahaifiyata, ba mu samu ganin fuskarsa ba. Motar da muka shiga daga Anka ta daɗe tsaye a hanya ana jiran a ji ko gaba lafiya, ko da muka iso har an kai shi an dawo.

Kwana uku na zauna cikin mata ina sauraron abin da kowa ke faɗi. Wata tsohuwa mai tuwon sayarwa ta ce shekara talatin tana sayen ƙashin miya wurinsa, ba ta taɓa kai shi hanci ta sansana ba. Wata ta ce shi ya yanka ragon sunanta, ya yanka na 'ya'yanta, ya yanka na jikarta. A waje, can ƙarshen tabarma, wani tsohon Bafulatani da ya taso daga wajen Bukkuyum ya zauna da sandarsa a kan cinya. Bai ci abincin sadaka ba, bai yi hira da kowa ba, sai addu'a da yake yi da Fillanci a hankali.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne gaisuwar da ake yi mini ni kaɗai. Kowace mace ta gama da matar Kawu sai ta juyo, ta kama hannuna.

"Ke kam kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ke kika kai shi har Sakkwato. Allah shi saka miki."

Ina cewa amin, ina kallon ƙasa. Na san abin da ba su sani ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da shi, kuma don kada a ci gaba da yaba mini a kan abin da ban cancanta ba.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya. Uwata yake ce mini, ko yana raha ko yana faɗa. Mahauci ne, ɗan mahauci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da goro a kumatu, kuma ɗan yatsansa na hagu guntu ne tun yana saurayi.

Idan ya shiga kara sayen dabba, ba ya fara taɓa tozo ko cinya kamar sauran. Sai ya ce wa mai ita, "Buɗe mata baki in gani." Ya duba dasashi, ya duba harshe, ya shafo miyaun da yatsa ya murza, wani lokaci har ya sansana. Daga nan ya ce wannan ta haɗiyi leda, ko wannan hantarta ba ta da kyau, ya wuce. Ba kullum yake dacewa ba, amma ya fi dacewa fiye da kuskure.

Kuskurensa da aka fi tunawa da shi a kan saniyar wannan Bafulatanin ne. Su huɗu suka haɗu suka saye ta, kyakkyawa, babu abin da baki ya nuna. Da aka farke ciki sai ga wasu ƙulle-ƙulle farare sun bi hanji har hanta. Abokan suka ce a yanke wurin a jefar, a sayar da saura, wa zai sani? Kawu ya tashi. Ya tafi shago ya dawo da galan na kananzir, ya tuttule shi kan naman gaba ɗaya. Aka yi rigima har gaban sarkin fawa, biyu daga cikinsu suka shekara ba su gaishe shi ba. Da Bafulatanin ya ji, sai ya jawo maraƙi ya kawo masa don ya rage hasara. Kawu ya ce ya mayar.

"Kai ba ka ga cikinta ba. Ni ma ban gani ba sai da na buɗe. Ina laihinka?"

Daga ranar suka zama aminai.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Yana da taurin kai, kuma idan ya ce a'a, ko limami ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, yana da mata da 'ya'ya biyu lokacin da Kawu ya mare shi a tsakiyar kasuwa don ya kama shi yana haɗa naman jiya da na yau. Yaya bai manta ba, kuma Kawu bai taɓa ba shi haƙuri ba. Amma wannan taurin kan ne ya kai ni makarantar koyon aikin lafiya. Dangin mahaifina sun ce sakandare ta isa. Kawu ya zo Anka, ya zauna a zaure tun hantsi har la'asar, bai tashi ba sai da aka amince.

Ban daɗe da fara aiki a ɗakin gwajin jini ba aka shiga shekarar gubar dalma. Ana ta kawo yara daga Tungar Guru da Tungar Daji, iyayensu mata na kwana da su makonni a asibiti. Wata rana a waya na ce wa Kawu wasu matan sun rame fiye da 'ya'yansu. Ban roƙe shi komai ba. Bayan kwana biyu sai ga shi a motar haya da babbar tukunya an ɗaure bakinta da tsumma, farfesun kai da ƙafa. Ya ci gaba da haka duk mako har aka sallami yawancinsu. Amma bai taɓa shiga ɗakin gwajin ba. A bakin ƙofa yake ajiyewa.

"Ni kullum hannuna cikin jini yake," in ji shi, "amma jinin yaro cikin kwalba, Uwata, ba ni iya kallo."

Ciwon da ya yi ajalinsa, na fara lura da shi ne da Babbar Sallar bara. Shi ya yanka wa rabin unguwa, ya feɗe, ya rarraba. Da aka kawo soyayyar hanta ya ɗauki yanka ɗaya, ya daɗe yana taunawa, sannan ya tashi ya zaga bayan ɗaki. Ya dawo idanunsa sun yi ja. Na bi matarsa madafa na tambaye ta. Ta ce ya kai wata uku daga kunu sai fura.

"Abinci na tsaya mishi nan," ta ce, ta dafa tsakiyar ƙirjinta. "Ya hana ni hwaɗi."

An gwada jiƙe-jiƙe, an gwada maganin gyambon ciki, babu canji. Na lallashe shi ya zo Anka ya ga likitanmu. Likita ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai an tafi Sakkwato an zura masa siririn tiyo mai kyamara ta baki, a ga abin da ya tare hanya. Kawu ya sa hularsa ya miƙe.

"Shekara arba'in ina tsaga wannan hanyar da hannuna. Na san ƙuncinta. Ba mai zura mini tiyo kamar tankin mota."

Na roƙa, Inna ta roƙa har da kuka, Yaya ya yi magana aka kore shi. Haka muka zauna.

Sai wani abokin aikina ya ba ni labarin wani bincike da wasu likitoci ke yi a wani asibiti a Sakkwato. Suna karɓar miyaun masu irin wannan ciwo, sannan su yi musu gwajin kyamara, su gwama abin da suka gani a ciki da abin da ke cikin miyaun. Fatansu wata rana miyau kaɗai ya isa a gane ciwon dajin maƙoshi ko tumbi ko hanji tun yana ƙarami. Wata rana, ba yanzu ba. Na fahimci wannan sarai, aikina ne. Amma da na je Gummi ga abin da na ce masa:

"Kawu, an samo sabon gwaji. Miyau kawai za ka tofa a kwalba."

Fuskarsa ta saki, karon farko cikin watanni.

"To ai wanga tsohon ilimi ne! Saniya in cikinta ya ɓaci, bakinta ke fara hwaɗi. Sai yanzu likitoci suka gano? Mu tahi."

A raina na ce in dai na kai shi can, ganin asibitin da likitocin zai sa ya sauko.

Aka ce kada ya ci komai da safe, kada ya ci goro, kada ya yi asawaki. Rashin goron ya fi komai ɓata masa rai, tun daga tasha yake mita. Likitar da ke binciken mace ce 'yar kudu, mai natsuwa, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Da ta ji ni ma'aikaciyar lafiya ce, sai ta ce in yi musu tafinta. Ta miƙa masa 'yar kwalba mai murfi. A lokacin miyau ya riga ya fara taruwar masa a baki saboda ba ya wucewa da kyau, nan take ya cika ta.

"Hwaɗa mata in bokiti take so, akwai," ya ce. Na faɗa mata, ta yi dariya.

Sannan ta daina dariya, ta jawo takardar amincewa, ta dube shi ido cikin ido ta yi magana a hankali. Ta ce in gaya masa wannan miyau ba zai faɗi abin da ke damunsa ba. Ba za a aiko masa da wani sakamako ba. Taimako ne yake yi wa waɗanda za su zo bayansa, kuma yana da damar ya ƙi. Shi kuwa abin da yake bukata shi ne kyamara, cikin makon nan, domin alamunsa ba su yi mata daɗi ba.

Kawu ya tsinci kalmar kyamara a bakinta. Na ga ya kai hannu ga hularsa.

"Uwata, mi ta ce?"

"Ta ce za su duba miyaun tukuna. Miyaunka zai taimaki wasu ma. In sun ga da bukata, sai a yi maganar kyamara daga baya."

Ya ɗan dube ni, ya dubi likitar. Ya dangwala yatsa a takardar. Ta rubuta mana ranar da za mu dawo, Alhamis mai zuwa, na karɓi katin na sa a jaka. Na ce wa kaina kwana shida sun isa in shawo kansa.

Ban shawo kansa ba, domin ban ma gwada da gaske ba. Da na taɓo maganar sai ya ce, "Ai ke kika ce sai an duba miyau. Mu jira takarda." Ni kuma ba ni da bakin da zan ce ƙarya na yi. Alhamis ta wuce. Likitar ta kira ni sau biyu, na ce hanya ba kyau, kuma gaskiya ne, damina ta sauka, kuma a makonnin an tare motoci fiye da sau ɗaya. Na riƙe wannan uzurin da hannu biyu.

Wata biyar muka yi a haka. Duk kiran da zan yi masa, bayan gaisuwa, tambayar ɗaya ce.

"Uwata, takarda ta zo?"

"Ba ta zo ba tukuna, Kawu."

"To. Aikin likitoci sai haƙuri."

Inna ta fara cewa ko in bi sawu, ko an ɓatar da kwalbar. Yaya ya ce shi tun farko bai yarda a bar miyaun mutum hannun baƙi ba, wa ya san abin da za a yi da shi. Kawu ya daina zuwa kwata. Agogon hannunsa ya koma zamewa har gwiwar hannu. Ni kuma a wurin aiki ina miƙa wa mutane sakamakon gwajinsu, ina ce musu kada su yi wasa, su je su ga likita yau.

Ranar da matarsa ta kira ta ce ko kunu ya fara dawowa, na ɗauki izini na tafi Gummi. Na same shi bayan la'asar a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, da gwangwanin yashi a gefensa da yake tofawa a ciki. Na jira matarsa ta shiga ɗaki. Na durƙusa gabansa.

"Kawu, babu takardar da za ta zo. Ba a yi za ta zo ba tun farko. Likitar ta ce a yi maka kyamara cikin makon, ni na canza maganar."

Na ɗauka zai yi mini irin abin da ya yi wa Yaya a kasuwa. Wallahi da ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai ya tofa a gwangwani, ya goge baki da gefen riga.

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Shekara nawa ina ciniki da mutanen kudu ta bakin tahinta? Maganarta ta hi taki tsawo, Uwata. Kuma ita ba ta yi murmushi ba, ke kin yi."

"To don me ba ka ce komai ba? Don me kullum kake tambayata takarda?"

Ya sake tofawa a gwangwanin.

"Tsoro nike ji," ya ce. "Kin ba ni wurin ɓuya, na shiga. Ke kin rage magana, ni ban tambaya ba. Mu biyu muka yi. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ban taɓa jin ya ambaci tsoro a kan kansa ba sai ranar. Ya ce in kira likitar, zai je. Ya kuma ce kada in gaya wa Inna, kada in gaya wa Yaya, magana ta tsaya tsakaninmu. Na yi masa alkawari.

Muka koma Sakkwato, aka yi masa kyamarar da safe. Da aka fito da shi, maganin da aka fesa masa a maƙogwaro bai gama sakinsa ba, ya jawo hannuna ya ce da wata irin murya, "Ashe ma abin ko rabin sa'a bai kai ba." Na fita waje na tsaya bayan wata mota har na samu na iya komawa.

Ciwon daji ne, a ƙasan hanyar abinci, daf da bakin tumbi. Hoton da aka yi daga baya ya nuna ya taɓa hanta. Wannan karon wani ma'aikaci Bahaushe ne ya yi tafinta, ni na nemi haka. Kawu ya ce a nuna masa hoton cikin. Aka juyo masa allon, ya matso da fuska ya ƙura ido kamar yana kwata.

"Na san wanga," ya ce. "Na sha ganinsa. Wanga ba ya yankuwa."

Na tambayi likitar a keɓe ko da an zo wata biyar da suka wuce da an iya yin wani abu. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Mai yiwuwa tun lokacin ya yi nisa, mai yiwuwa kuma da an samu abin yi. Ba ta san abin da na aikata ba, ta ɗauka hanya ce ta hana mu. Wannan "mai yiwuwa" ɗin nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ya ƙi zama asibiti. Mako bakwai ya yi a gida. A ciki ya raba wuƙaƙensa, ya ba Yaya babbar da ya gada wurin kakanmu, ba tare da ya ce masa komai ba. Ya sa aka kira amininsa Bafulatani, suka zauna tare rabin yini. Ganina da shi na ƙarshe, ina jiƙa masa leɓe da auduga, ya ce in sa masa ɗan goro a baki ko ba zai haɗiye ba. Na daka masa kaɗan na sa masa. Ya lumshe ido ya ce, "Madalla da Uwata."

Bayan an yi addu'ar arba'in da kwana biyu, likitar ta kira. Tana so a kawo shi a sake ɗaukar miyau karo na biyu, kamar yadda suke yi wa kowa. Na ce mata ya rasu. Ta yi mini gaisuwa da 'yar Hausarta. Ni kuma sai na ji bakina ya buɗe, na gaya mata duk abin da na yi a ɗakinta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce mini "ba komai" ba. Ta ce tunda bayanin da ya isa kunnensa ba cikakke ba ne, ba za ta riƙe miyaunsa ba sai iyalinsa sun ji gaskiya sun amince. Yana nan cikin firji da lamba a jiki, babu suna. In sun ce a zubar, za ta zubar.

Don haka na karya alkawarin da na yi masa. Na tara Inna da matar Kawu da Yaya a tsakar gidan, na faɗa musu komai, har da abin da ya ce da ni a ƙarƙashin bishiya. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba.

Yaya ya ce a karɓo kwalbar a binne, jikin mahaifinsa ne. Inna ce ta hana.

"Ya san an rage mishi magana, kuma ya dangwala yatsa. Abu ɗaya na gaskiya da yarinyar nan ta hwaɗa mishi shi ne zai taimaki wasu. A kan wannan ya dangwala. Ku bar mishi abinsa."

Yaya ya miƙe, ya kai bakin zaure, ya tsaya. Bai juyo ya kalle ni ba.

"A bar shi. Ki ce mata in gwajin nan ya tabbata wata rana, su zo Gummi su fara da mu, 'ya'yansa. Amma ba ke za ki yi tafinta ba."

Na ce to.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, mai taurin kai, mai tsabtar hannu. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi abin da ba zai tsaya masa a ƙirji ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in ya samu sarari ya haɗa da ni.